Yadda Za Ki Kashe Tsohon Keken Ɗinki Don A Saya Miki Sabo

Gyara zama, 'yar'uwa, yau kin zo inda za a share miki hawaye. In dai kina da tsohon keken ɗinki a kusurwar ɗaki, baƙi wuluk, mai nauyin da sai mutum biyu sun kama, alhali ranki yana kan ɗan farin nan na roba da ke shagon bakin titi, to ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi miki alkawari, kafin wata biyu sabon keke zai shigo gidanki a cikin kwali, kuma maigidan da kansa zai saɓo shi a kafaɗa yana ganin dabararsa ce.

Kada ki yi shakkar gwanintata. A hannuna dutsen guga biyu suka ce ga garinku nan, da fanka ɗaya, da wani firji da ya shekara goma sha ɗaya yana yi mini gurnani a falo. Har yau ba wanda ya taɓa zargina, jaje ma ake zuwa yi mini. Keken ɗinki kam ban taɓa kashewa da hannuna ba, amma ni na horar da maƙwabciyata Uwar Biyu tun daga matakin farko har na ƙarshe, kuma da labarinta zan riƙa yi miki misali.

Uwar Biyu ba telar kasuwa ba ce. Ɗinkin gida take yi, faci da kalmasa da kayan 'yan biyunta, sai ɗan abin da maƙwabta suka miƙo. Keken na surukarta ne, Inna, wadda ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana taka shi. Da idonta ya yi rauni sai ta sa aka turo shi a baro har gidan ɗanta, ta shafa wuyansa ta ce, "Ga shi nan, 'yar nan, ki riƙe mini shi." Tun daga nan duk Asabar sai ta zo, a shimfiɗa mata tabarma kusa da keken, ta jingina da bango tana sauraron ƙararsa kamar mai jin labarai a rediyo.

Mataki na 1: Ki je ki ga sabon, don zuciyarki ta bushe

Ba a kashe tsohon abu da zuciya mai taushi. Ki yafa mayafinki ki tafi shagon, ki ce a kunna miki. Ranar da Uwar Biyu ta je, mai shagon ya ɗaga keken da hannu ɗaya ya ɗora a teburi, ya danna wani abu sai ga fitila ta kama a saman allura. Ya ɗauko wani ɗan ƙyalle shara-shara ya saka, keken ya bi ta kansa yana ɗan zuuu, ba jijjiga ba hayaniya.

"Ɗinki kala goma sha biyu yake yi, Hajiya," in ji shi. "Ga mai lanƙwasa, ga mai ganye, ga gidan maɓalli. Shi ne mafi sauƙin kuɗi a shagon nan, amma aikinsa sai kin gani."

Uwar Biyu ta dawo gida ta tsaya a gaban keken Inna, wanda tun da aka ƙera shi ɗinki ɗaya ya sani, miƙaƙƙe, ba ya ko iya komawa baya. Nan take ta ji ta tsane shi har cikin ranta, kuma abin da ake so ke nan.

A kula: in kin je shagon, kada ki tambayi mai shago ko keken yana ɗinka yadi mai kauri. Bincikena ya nuna yawan tambaya yana kashe sha'awar saye. Uwar Biyu ba ta tambaya ba, na kuma yaba mata.

Mataki na 2: Ki zaɓi lokacin da ba za a iya jira ba

Nan ne mata da yawa suke kuskure. Sai su kashe keke a lokacin da ba wani ɗinki a gida, maigida ya ce, "Allah Ya sauwaƙe," ya ci gaba da cin abincinsa. Miji ba ya sayen keke don kina so. Yana saye ne ranar da ya hango 'ya'yansa za su fita ba wando.

Uwar Biyu ta yi sa'ar lokaci. Saura mako biyar 'yan biyunta maza su fara makaranta, ranar Litinin. An riga an sayo yadin, fari na riguna da kaki mai kauri na wanduna, yana ninke a saman akwati. Ita da bakinta ta yi wa yaran alkawari cewa ita za ta ɗinka musu, har da aljihu biyu-biyu, kuma ba safiyar da ba sa zuwa su shafa yadin su tambaya, "Umma, yau ne?" Telolin unguwa kuwa a irin wannan lokaci ba sa ko ɗaga kai su dube ka, kowa kayan makaranta sun yi masa tsibi.

Na ce mata kada ta taɓa yadin tukuna. Ki ajiye shi a inda maigida zai riƙa ganinsa safe da yamma.

Mataki na 3: Ki ɓata wa keken suna

Kafin keke ya mutu, dole mutanen gida su fara jin cewa ba shi da lafiya. Duk sanda kika tashi daga kansa, ki dafa ƙugu ki ce, "Wash!" In zare ya tsinke, ki yi tsaki yadda za a ji daga tsakar gida. In bai tsinke ba, ki tsinka shi.

Sai dai ki san irin mijin da kike da shi. Baban Biyu direban motar ɗaukar kaya ne, mutumin da bai yarda akwai abin da ya wuce gyara a duniya ba. Takalminsa na fita sau huɗu ana sauya masa ƙasa. Rediyonsa da igiyar roba yake ɗaure, kuma sai an mare shi a gefe yake magana. Mako guda Uwar Biyu tana wash tana tsaki, shi kuwa ko a jikinsa.

"Baban Biyu, keken nan fa ya gaji," ta ce masa wata yamma tana zuba masa ruwan wanke hannu.

"Wane keke? Na Inna?" Ya yi dariya har da buga cinya. "Ai a kansa aka ɗinka mini wandon makaranta. Wannan ƙarfe ne na gaske, mu ne za mu gaji mu bar shi."

In mijinki ya faɗi irin wannan, kada ki yi musu. Ki ce, "Haka ne," ki wuce mataki na gaba.

Mataki na 4: Ki juya allura

Wannan dabara ce mai tsabta, ba ta barin shaida. Allurar keke tana da gefe ɗaya shafaffe a samanta, kuma fuska ɗaya ake sa ta. Ki kwance ta, ki juya ta, ki ɗaure. Daga nan keken zai fara tsallake ɗinki yana tsinka zare, kowa ya gani ya ce tsufa ne.

Uwar Biyu ta juya allurarta ran Juma'a, ta gwada a gaban Baban Biyu. Ɗinki ya fito da giɓi, zare ya tsinke sau uku. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ikon Allah," wanda a bakinsa babban ci gaba ne. Ta kwana da murna.

Abin da ta manta, ni ma na manta, shi ne gobe Asabar. Inna ta zo da sandarta, aka gaisa, aka shimfiɗa tabarma, ta jingina.

"Taka mini shi in ji, 'yar nan."

"Inna, ai kwanan nan ba ya jin daɗi. Ina ga ya zo ƙarshe."

"Taka dai."

Ta ɗora ƙafa a feda ta taka. Ko taƙi ɗaya ba ta ɗinka ba Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Allurarki a juye take."

Uwar Biyu ta ɗauke ƙafa daga feda. Matar da ba ta iya bambance jikokinta sai sun yi magana, ita ce ta gano allura daga kan tabarma. Uwar Biyu ta gyara allurar, ta sake takawa, keken ya ɗauka tiryan-tiryan kamar ba abin da ya faru.

"Yauwa," in ji Inna, ta lumshe ido. "Yakan faru. Mutum yana sauri sai ya juya ta."

Darasi: kafin ki juya allura, ki binciki kunnen surukarki. Mai raunin ido ta fi mai ido hatsari, domin ba abin da ke ɗauke mata hankali.

Mataki na 5: Ki shayar da shi man girki

Tunda gaggawa ba ta yi ba, sai a bi a hankali. Keke yana son mansa na musamman, ɗan siriri mai kamar ruwa. Ki ajiye wannan a gefe. Ki ɗebo man girki a cokali, ki ɗiga a duk wani rami da kika gani a jikinsa, safe da yamma, kina yi kina cewa kula da shi kike. Man zai haɗu da ƙurar zare ya daskare, keken ya yi ta nauyi har ya ƙi juyawa.

Uwar Biyu ta yi mako biyu tana wannan hidima. Asabar ta farko Inna ta saurara ta ce, "Muryarsa ta yi nauyi, ko mura yake?" Asabar ta biyu kuwa sai ta ɗan shaƙi iska kawai. Zuwa Talata keken ya cije ƙememe, ga tururuwa sun yi layi daga ƙafarsa har wuya.

Baban Biyu ya duba, ya duba yadin da ke saman akwati, ya yi ajiyar zuciya. Uwar Biyu ta riga ta fara tunanin inda za ta ajiye sabon. Sai ya ce, "Bari in kira Baba Mai Gyara."

Ki ji tsoron wannan mutum a duk inda kike. Kowace unguwa tana da irinsa, tsoho mai gilashi ɗaure da zare, da jakar fata cike da sukudireba, wanda yake ganin tsohon keke kamar ya ga abokin yarinta. Baba Mai Gyara ya shigo da sallama, ya tsuguna, ya buɗe murfin gefe, ya kai hanci.

"'Yata," ya ce, "ɗinki ake yi da keken nan ko suya?"

"Man keken ne ya ƙare, Baba, na ce kafin a sayo..."

"To, to. Allah Ya shirye mu baki ɗaya."

Ya sa aka kawo kananzir da tsohon buroshin haƙori. Awa ɗaya yana wankewa yana yi wa keken hira. Da ya gama ya ɗiga man kirki, ya juya wilin da yatsa ɗaya, wilin ya yi ta juyawa shi kaɗai. Sannan ya zaro ƙoshiyar, wato ɗan ƙarfen da ke ɗauke da zaren ƙasa, ya ɗaga ta a haske. Doguwa ce mai tsini, ta yi sumul saboda shekaru.

"Kin ga wannan? Ki kula da ita fiye da ɗan kunnenki. Komai na jikin keken nan ina iya samo shi ko in ƙera, ban da ita. An daina yin irinta tun ina saurayi."

Uwar Biyu ta ce, "To, Baba," cikin ladabi. Da ta ba ni labari na ce mata ai tsohon nan ya gama mana aiki.

Mataki na 6: Ki rabu da ƙoshiya, rabuwa ta har abada

Kada ki ɓoye ta a cikin gida. Gidan da ke da yara ba shi da maɓoya, ranar da baƙi suka cika falo ranar za a fito da ita ana wasan mota. Kada kuma ki ba maƙwabciya ajiya, ko da ni ce.

Ran Litinin da safe, saura mako guda cif a fara makaranta, Uwar Biyu ta zaro ƙoshiyar. Ta ce mini da ta riƙe ta a tafin hannu sai ta ji ɗuminta, ta ga inda babban yatsan Inna ya cinye ƙarfen har ya yi ɗan kwari. Ta yi tsaye jim, har ta fara mayar da ita. Sai ta tuna fitilar nan da ɗinki kala goma sha biyu. Ta jefa ta cikin gwangwanin madara, ta matse bakinsa, ta tura cikin shara. Da hantsi mai kwasar shara ya zo da kurarsa ya tafi da ita.

Irin wannan ɗan tsayawa da ta yi, kada ya dame ki in ya zo miki. Tausayi ne, kuma yakan wuce da kansa.

Da yamma aka yi neman ƙoshiya kamar gaske. Aka ɗaga katifa, aka janye akwati, aka zazzage aljihun 'yan biyu, waɗanda suka yi ta rantsuwa da kuka ba su taɓa ba. Uwarsu ta kau da kai ta daure. Baban Biyu ya kwana biyu yana zaga kasuwanni da Baba Mai Gyara, suna zube tarkacen tsofaffin ƙarafa, ba su samu ba. Ya kira Inna a waya ya faɗa mata, ita kuwa abin da ta ce kawai shi ne, "To. Yaushe ne makarantar?"

Mataki na 7: Ki karɓi sabon da fuskar makoki

Ran Alhamis da la'asar Baban Biyu ya shigo da kwali a kafaɗa. Ki lura da kyau, nan ake gane ƙwararriya. Kada ki yi guɗa, kada ki yi tsalle. Ki dubi kwalin, ki dubi tsohon keken, ki girgiza kai ki ce, "Ni dai na fi sabawa da na Inna."

Haka Uwar Biyu ta yi, har Baban Biyu yana lallashinta. "Ki yi haƙuri, ni na ga ya kamata. Yaran nan ba za su tafi makaranta da gajeren wandon gida ba." Aka ture keken Inna can jikin bango, aka rufe shi da tsohon zane, aka ɗora masa kwandon wanki a ka.

Juma'a ranar daɗi ce. Fitila ta kama, keke yana zuuu, kafin azahar rigunan fari biyu sun fito da gidan maɓalli tsaf. Har ta yi wa labulen ɗaki ɗinki mai ganye, wanda ba wanda ya tambaye ta. Na leƙa ta taga ta ɗaga mini babban yatsa.

Mataki na 8: Kada ki nuna masa kaki

Wannan matakin daga baya na ƙara shi.

Asabar da safe Uwar Biyu ta yanka kakin, ta fara wando na farko. Ƙafafun wandon sun tafi lafiya, sai dai keken yana ɗan nishi. Da aka zo ƙugu, inda yadi ya ninku huɗu ga kuma maɗaurin bel a kai, allura ta ce ƙas. Ta sauya wata, ta karye. Ta sa ta uku ta danna da ƙarfi tana jan yadin da hannu. Sai keken ya yi wata ƙara daga ciki, ƙaras-ƙaras, wari ya tashi kamar an ɗora bokitin roba a wuta. Fitilar tana nan a kunne, injin yana kuka, allura kuwa ta tsaya cak.

Ta rungumi keken ta yi shagon bakin titi. Mai shagon da ya kira ta Hajiya a zuwanta na farko ya dubi guntun kakin da ke maƙale ya ce, "Haba, wa ya ce ki sa masa wannan? Ai sai ki tambaya." Ya ce kayan gyaransa sai an aiko, mako biyu in an yi sauri. Ta wuce rumfar Baba Mai Gyara. Ya kwance bayan keken, ya zazzago wasu 'yan fararen gutsattsari a tafin hannu.

"Haƙoran giyarsa ke nan, 'yata, na roba ne, sun zube. Keken ba shi da laifi, na ɗinkin rigar jarirai ne da labule. Kaki sai irin na surukarki."

"Baba, da gaske ba a samun ƙoshiyar nan? Ko ta aro?"

"Da ana samu da mijinki ya sayi wannan?"

Ta bi teloli uku, kowa ya nuna mata tsibin da ke gabansa ya ce sai bayan kwana goma. Ta dawo gida da rana tsaka, ta ajiye keken, ta zauna a ƙasa. 'Yan biyu suna tsakar gida sanye da sababbin rigunansu a kan gajeren wandon gida, suna fareti suna ƙamewa. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Umma, saura wando ko? Mai aljihu biyu?" Ta ce, "Eh." Tsoro da kunya suka rufe ta, ta kasa ko kallon inda tsohon keken yake. Ta aiko a kira ni, na ce a ce mata ina wanka.

Tana nan zaune ta ji ƙwanƙwasar sanda a ƙofar gida, ta tuna yau Asabar.

Mataki na 9: In komai ya ƙwace, ki durƙusa

Inna ta shigo, yaran suka kama hannunta suka kai ta tabarma. Ta sa aka miƙo mata sabon keken, ta shafa shi ta ko'ina, ta ɗaga shi ta ji nauyinsa.

"Ba nauyi, masha Allahu. Kunna mini shi in ji muryarsa."

Uwar Biyu ta kori yaran waje. Ta zo gaban tabarmar ta durƙusa. Ta ce mini ta shirya ƙarya uku tun daga hanya, amma da ta buɗe baki ko ɗaya ba ta fito ba.

"Inna, ya lalace. Kaki ya karya shi. Ƙoshiyarki kuma ba ɓata ta yi ba, ni na jefar da ita a shara. Allurar ma ni na juya, man ma da gangan na zuba. Kin ce in riƙe miki shi, ban riƙe ba. Jibi makaranta, yaran nan ba su da wando. Ki yafe mini, Inna."

Hawaye suka ɓalle mata. Inna ta gyara zama. Can sai ta laluba jakarta, ta fito da wani tsohon gwangwanin man shafawa duk ya yi tsatsa, ta miƙa mata.

"Buɗe."

A ciki, naɗe da ɗan ƙyalle, ƙoshiya ce doguwa mai tsini, da ragowar shuɗin zare a cikinta.

"Wannan ita ce ta asali," in ji Inna. "Wadda kika jefar ta biyu ce. Keken nan na uwar mijina ne, ita ta ba ni. Shekarar da yaron nan, mijinki, zai shiga makaranta aka kawo wasu sababbi masu zanen fure a jiki, na gani na kasa barci. Na juya allura, na zuba mai, duk ya ƙi mutuwa. Sai na cire wannan na ɓoye, saura mako guda a fara karatu. Zaren da ke ciki na wandonsa ne."

Uwar Biyu ta saki baki. "Inna! Aka saya miki sabon?"

"Ina! Uban mijinki ya hau kekensa na hawa, ya yi yini biyu yana yawo, ya dawo mini da wata ƙoshiyar yana washe baki. Kunya ta hana ni fito da wannan, shekara arba'in ke nan." Ta yi dariya har tana tari. "Tun ranar allura na gane ki, 'yar nan. Na kasa jurewa ne ina jin yana wahala, shi ya sa na yi magana."

"To, Inna, da aka kira ki ran Laraba, me ya sa ba ki aiko da ita ba?"

"Na ce bari dai ya saya miki tukuna. Ni ba a saya mini ba."

Uwar Biyu ta kifa kai a gwiwar Inna tana kuka tana dariya. Inna ta dafa kanta ta ce ba sai yaron nan ya ji ba, ubansa ma har ya koma ga Allah bai sani ba. Sannan ta ture ta a hankali.

"Tashi, rana tana yi. Sauke masa kwandon nan daga ka, ba mutuncinsa ba ne. Ki taka mini shi in ji."

Aka janyo keken tsakiyar ɗaki. Uwar Biyu ta warware shuɗin zaren, wanda ya riga ya ruɓe, ta ɗaura shi a wuyan keken, ta naɗa sabo. Ƙoshiyar ta shiga gurbinta da ɗan ƙas. Ta saka ƙugun wandon, ninki huɗu da maɗaurin bel, ta taka. Keken ya bi ta kai bai ko sauya murya ba. Inna ta jingina da bango ta lumshe ido, kafin magariba wando biyu suna rataye a ƙusa, kowanne da aljihu biyu.

Da Baban Biyu ya dawo aka ce masa an ga ƙoshiya, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Ban faɗa miki ba? Mu ne za mu gaji mu bar shi." Sannan ya dubi sabon keken da idon nan nasa ya ce shi ma gyaruwa zai yi, ba abin da ya wuce gyara. Sau uku ke nan ana kai shi rumfar Baba Mai Gyara.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ta cika alkawarinta. Cewa ta yi sabon keke zai shigo gida a kwali, kuma ya shigo, ba ta ce zai ɗinka wando ba. Ba ruwanta da karyewar allura, ko zubewar haƙoran roba, ko kukan yaran da aka zazzage wa aljihu ba su ji ba ba su gani ba. Duk wadda ta jefa ƙoshiyarta a shara ta jefa ne da hannunta, kuma in ta aiko nemana, ina wanka.

Ba na kuma ba da tabbacin cewa kowace suruka tana da gwangwani a jaka. Uwar Biyu ta daina karɓar shawarata, gaisuwa ma daga nesa take yi mini. Na dai ji ta wanke gwangwanin nan ta adana shi a ƙasan akwati, wai 'ya'yanta biyu maza ne, wata rana za a kawo mata surukai, ga shi ƙoshiya ɗaya ce ta rage. Saboda haka kullum da safe sai ta zaro ta ta duba, ta goge, ta mayar.